Baffa, Mai Jiran Ƙwallon da Ta Ƙi Shiga

Na Allah muke, wurinsa za mu koma, kuma Baffa ya riga mu tafiya da hantsin wata Talata, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba.

Kafin azahar lungunmu na Panshekara ya cika da dogayen mutane. Ina cikin gida tare da mata, amma na samu tagar ɗakin zaure na leƙa. Wasu da furfura, wasu matasa, wasu ko rigar aiki ba su cire ba, daga Challawa da Sharada da Bompai suka taho kai tsaye. Rumfar da aka kafa ta yi musu kaɗan, duk wanda ya shiga sai ya sunkuya. Da aka idar da salla suka ɗauki makara, sai ta yi sama, ta fi ƙarfin hannun maƙwabta. Dattawan unguwa suna ta ɗage, suna miƙa hannu, ba sa kaiwa. Liman ya daure, ya daure, can ya ce, "Bayin Allah, ku ɗan sauko da shi. Mu ma gajerun muna son ladan nan."

Mutane suka yi dariya da hawaye a fuska. Da labarin ya shigo cikin gida, Inna, matar Baffa, ta gyara lulluɓinta ta ce, "Ku ƙyale su. Shekara da shekaru yana ƙarƙashinsu yana ture su. Yau ɗaya dai su ɗaga shi."

A kwanakin makoki na ji abin da ya tsaya mini a rai. Wata maƙwabciya ta dafa kafaɗar Inna ta ce, "Mutumin kirki ne, Allah ya sani. Ƙwallon nan ce kawai." Ta faɗe shi kamar mai ambaton wata cuta da ya daɗe yana fama da ita. A waje kuma wani tsohon abokin aikinsa ya ce tun suna samari yake kallon wasansa, amma bai tuna ranar da ya ga ya jefa ƙwallo ta shiga kwando ba. Yayana ya amsa masa da ladabi, "Gaskiya ne, Malam. Amma waɗanda kuka ga suna jefawa, wa ya miƙa musu?"

Wannan ne ya sa na ɗauki biro. Na tashi ina karanta littattafan soyayya, ina ɓoye su a ƙarƙashin matashi, kuma ban taɓa cin karo da jarumi irin Baffa a cikinsu ba: gajere, mai faɗin ƙugu, mai warin ɗanyar fata. Ina tsoron a wayi gari ana tunawa da shi a matsayin tsohon nan mai wasan yara.

Ƙanen mahaifinmu ne. Shi ya riƙe mu, ni da Yaya, tun muna ƙanana. Aikinsa a wani kamfanin fata ne a Challawa, inda ya fara da sauke kaya. Wani yana kan babbar mota yana jefo fatu masu gishiri, shi yana ƙasa yana cafewa. Yakan ce a nan ya koyi ƙwallon kwando tun kafin ya taɓa ƙwallo. "Fata ba ta faɗuwa inda kake so. Tana faɗuwa inda hannun mai jefawa ya aike ta. Ka bar kallon fatar, ka kalli hannun."

Bayan kamfanin akwai wani dandamalin siminti da ake shanya a kai a da. Shi ya roƙi manaja aka bar musu. Ya sa aka lanƙwasa rodi aka yi zobe, aka yi allo da katakon akwatin inji, ya zana layin fili da ragowar fenti. Gishiri ya cinye simintin har ya yi ramuka, kuma Baffa ya san kowane rami kamar yadda Inna ta san tukwanenta. Da jiniyar tashi ta kaɗa, ma'aikata za su fito suna warin aiki, su tuɓe riga, a fara.

Idan an jefa ƙwallo ta bugi zobe ko allo ta dawo, wanda ya rigayi kowa cafe ta shi ya ba mutanensa wata damar. 'Yan fili suna da sunan Turanci da suke kiran wannan da shi. Baffa bai yarda da sunan ba, kwasa yake cewa, kuma bai ɗauki komai a wasan da muhimmanci kamarta ba. Maganganunsa a kanta ba a fili kaɗai yake yin su ba. A kan tabarma yake yin su, da tuwo a gabansa, har ni da Inna muka haddace.

"Mai jefawa yana fata ta shiga. Kai mai kwasa, tun tana hannunsa ka yanke cewa ba za ta shiga ba."

"Wannan munana zato ne," in ji Inna.

"Shiri ne, Hajiya. Idan ta shiga me na rasa? Taku biyu."

Yakan ce wadda aka jefo daga hagu dama za ta nufa, wadda ta taho daga nesa nesa za ta koma. Yakan ce ka nemi mutum kafin ka nemi ƙwallo: ka gano wanda zai yi takara da kai, ka juya masa baya, ka kafa ƙafa, ka tokare shi da ƙugu, sannan ka ɗaga kai. Tsawo bai taɓa burge shi ba. Wai tsalle na farko kowa yana da shi, na biyu ne na masu so. Idan ya ga yaro ya miƙa hannu ɗaya sai ya tsayar da wasa. "Hannu ɗaya na tsayar da ɗan acaɓa ne. Kawo biyu."

A gidan kallo na bakin titi an gaji da shi. Ranar Lahadi da rana sukan sa faifan wasannin Amurka. Kowa yana ihu idan wani ya tashi ya danna ƙwallo cikin kwando, shi kuwa Baffa sai an jefa an rasa yake miƙewa ya ce a mayar baya. "Ku dubi wancan mai faɗin. Kun ga tun yaushe ya bar wurinsa? Ƙwallo ba ta bar hannu ba ya riga ya isa." Mai gidan kallon ya taɓa cewa zai sama masa faifan da ba a ci ko sau ɗaya a cikinsa ba, ya tafi da shi gida, jama'a su huta. Baffa ya tambaye shi yaushe zai zo ya karɓa.

Akwai wani ma'aikaci daga Nijar da ya yi wata guda yana wasa ba takalmi a kan simintin nan mai gishiri, ƙafarsa duk ta tsattsage, bai gaya wa kowa ba. Baffa ya cire nasa kambas ɗin ya ajiye a bakin layi, ya ce sun matse shi, wanda suka yi wa daidai ya taimaka ya raba shi da su. Daga ranar da silifa yake horarwa, har damina ta wuce.

Yaya ne ɗalibinsa na farko da ya yi nisa. Babban kulob na cikin gari ya ɗauke shi, irin wanda wasa shi ne aikin 'yan wasansa, suna zagaya jihohi suna buga gasa. Duk da haka ranar Asabar yakan dawo filin Challawa, mu kuma mata 'yan kaɗan mukan zauna gindin darbejiya mu yi kallo.

A nan na fara ganin wanda yau nake kira maigidana. Daga wani ƙauyen Jigawa ya zo, yana aiki a wata masaƙa a Sharada, 'yan fili suna ce masa Dogo. Na daɗe ina zaton so zai zo mini a mota, yana ƙamshin turare, kamar yadda na karanta. Sai ya zo a kan keke, da burbushin auduga a gashinsa, kuma zuciyata ba ta tsaya ta tambayi ina motar ba. A ƙarƙashin kwando shi kaɗai ne yake hana Yaya sakat. Suna turereniya, suna gwara kafaɗa, wani lokaci su faɗi tare su tashi suna dariya. Baffa yakan kalle su ya yi shiru, wanda a wurinsa shi ne yabo mafi girma.

Sai manyan maigidana suka zo da goro da alawa, aka karɓa. Daga ranar Yaya ya zama surukinsa, Baffa kuwa uban matar da zai aura.

Asabar da ta biyo baya aka jefa ƙwallo ta dawo, Yaya ya shigo da ƙarfinsa kamar kullum, sai maigidana ya matsa gefe ya sunkuyar da kai. Yaya ya cafe ba mai takara. Aka sake, ya sake matsawa. Da kowa yana turewa, amma da zarar ya ji Yaya ne a bayansa sai ƙugunsa ya mutu. Ta yaya mutum zai juya wa wan matarsa baya, balle ya tokare shi da mazaunai a gaban jama'a? Ni a gindin darbejiya daɗi ya kama ni. Na ce a raina wannan shi ne so, mutum ya bar abin da ya fi iyawa saboda girman gidanku. Da na dubi fuskar Baffa na gane ba littafi ɗaya muke karantawa ba.

Da abin ya tsaya a filin Asabar, da ba komai. Amma lokacin ne masana'antu suke ta rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wuta. Wata safiya ma'aikatan masaƙar su maigidana suka tarar da takarda a manne a ƙofa da ƙaton kwaɗo. Mahaifinsa ya aiko cewa idan damina ta faɗi bai samu abin yi a Kano ba, ya dawo gona, maganar aure kuma sai yadda hali ya yi. Ana cikin haka gurbi ɗaya ya buɗe a kulob ɗin su Yaya. Kocin ya ce masu jefawa sun ishe shi, mai kwasa yake nema. Ya yarda zai gwada maigidana nan da mako biyu, kuma gwajinsa ɗaya ne ga kowa: ya haɗa ka da wanda ya fi kowa ƙarfi a ƙarƙashin kwando ya ga abin da za ka yi. Wannan mutumin kuwa Yaya ne.

Ban taɓa jin Baffa da Inna sun yi sa-in-sa irin na makon nan ba.

"Allah ya ba ka suruki mai kunya, kai kana neman ka mai da shi tantiri," in ji Inna.

"Kunyar za su ci, shi da 'yarki?"

"Kunya ado ce, Malam. Ko ni da zan ga ya bangaje wan matarsa, sai na ji ya fita daga raina."

"Abin kunya shi ne mutum huɗu su yi gumi tare da kai, kai kuma ka ɗauki ƙwallonsu ka ba da kyauta don kana neman aure."

Inna ta ɗauke kwanon miya tun bai gama ba. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Yaya ya yi tayin zai sassauta a ranar gwajin. Baffa ya ce idan ya kuskura, kada ya ƙara taka masa fili. Koci ba makaho ba ne, kuma wanda aka ɗauka da alfarma, wasan farko za a gane shi.

Asabar ta zagayo. Baffa ya cire hularsa da rigarsa ya miƙa wa wani, ya shiga ƙarƙashin kwando da silifa da furfurarsa, ga gwiwa mai ciwo. Ya ce Yaya ya riƙa jefawa yana kuskurewa da gangan. Ya kira maigidana.

"Dogo, zo ka hana ni."

Maigidana ya durƙusa. "Baffa, ku yi haƙuri."

"Ban kira ka gaisuwa ba. Tashi."

Yaya ya jefa. Baffa ya sa ƙugu ya kawar da saurayin da ya fi shi tsawo da kai guda, ya cafe ba tare da ƙafarsa ta bar ƙasa ba. Aka sake, ya sake. 'Yan fili suka fara ƙirgawa da ƙarfi suna dariya. Da aka kai bakwai Baffa ya tsaya yana haki, ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ka kai 'yata asibiti, wani ƙato ya zo zai ture ta daga layi, haka za ka matsa gefe ka ce masa bismillah?"

Ban san abin da maganar nan ta taɓa ba. Yaya ya jefa ta takwas, maigidana ya juya, ya kafa ƙafa, ya ba da baya. Baffa ya tafi taga-taga ya zauna daɓas a kan siminti. 'Yan fili suka daina ƙirga. Maigidana ya dubi ƙwallon da ke hannunsa kamar kayan sata, ya sake ta, ya zube a gaban Baffa. "Ku yafe ni, Baffa. Wallahi ban san lokacin da na yi ba."

Baffa yana zaune a ƙasa ya ce, "Ina ƙwallon?"

Tana can tana gangarawa wajen kwata.

"Turewar ta yi kyau. Sakin ne laifin. Ka sha wahala ka kwaso, sannan ka yar don ka ba tsoho haƙuri?"

Ranar na ga abin da ban saba gani ba, Baffa ya dawo gida bai yi maganar ƙwallo ba. Ya gane yaron yana iya turewa, amma kunyar tana nan, za ta kama shi ko kafin turewar ko bayanta. Bayan la'asar ya zauna a tsakar gida yana jan carbi, Inna tana shafa masa man zafi a ƙugu tana mita. Can ya ce, "Hajiya, rabin maganarki gaskiya ce. Kunyar nan ba ta korewa. Sai dai a ba ta haƙƙinta tun da wuri, a sallame ta."

"Wato ka sauko."

"Rabi na ce."

Ya aika aka kira maigidana, suka yi magana a zaure. Ba wanda ya gaya mini abin da suka ƙulla.

Ranar gwaji muka hau bas zuwa babban zauren wasa na cikin gari, har da Inna, wadda ta ce ta zo ne kawai don ta ga ƙarshen rashin ta-ido. Ƙasan katako ne mai sheƙi, zoben kuma da raga fara. 'Yan Challawa sun cika benci guda. Kocin, wani mutum mai tumbi da usur a wuya, ya raba 'yan wasa biyar-biyar ya ce a shiga.

Kowa ya shiga ban da maigidana. Ya tsaya a wajen layi ya ce, "Yaya, don Allah ku ɗan zo." Yaya ya zo. Sai ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa a gaban dukan zauren, ya fara gaisuwa tun daga tushe. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, yaya muka ji da zafi. Bai tsallake ko ɗaya ba. 'Yan kulob suka fashe da dariya, wani ya ce a kawo goro a ɗaura kawai a huta. Kocin ya dubi agogo ya ce, "Wai zance aka zo ko wasa?"

Maigidana bai ɗago ba. Ya ce, "Yaya, abin da zan yi muku a cikin layin nan, ina neman gafara tun yanzu. Duka, har wanda ban yi niyya ba."

Yaya ya danne dariya ya ce, "Na yafe. Kai ma ka yafe nawa, don ba zan raga maka ba."

"Na yafe."

Ya ɗaura takalminsa a tsanake, ya tsallaka layi.

Wanda ya tsallaka ɗin ban san shi ba. Ƙwallon farko tana barin hannun mai jefawa ya riga ya nemo Yaya, ya ba shi baya, ya manne masa kamar ƙofar da aka sa wa sakata. Ta bugi zobe ta yi dama, yana can yana jiranta. Ta biyu Yaya ya zagaye shi ya ƙwace. Ta uku suka tashi tare, ba wanda ya samu, ta sake yin sama, kafin Yaya ya dire shi ya riga ya sake tashi, ya fizgo ta da hannu biyu ya kawo ƙarƙashin haɓa, gwiwar hannu a buɗe. Ba ya jefawa, ba ya neman a gan shi. Ya kwaso, ya miƙa wa mai gudu, ya koma. Dariyar zauren ta mutu, aka koma jin ƙarar takalma da gurnanin mutum biyu da ba wanda yake son ya bar wa wani taku ɗaya. Na dubi Inna na ga ta cije gefen mayafinta. Da Yaya ya bangaje maigidana har ya dafa ƙasa, sai na ji ta ce a hankali, "Tashi mana, ka rama."

Kusa da ƙarshe aka jefo wata daga nesa. Duk suka ruga ƙarƙashin kwando, shi ya ja da baya taku biyu, Yaya ya gane ya bi shi. Ta bugi ƙarfe ta dawo da nisa. Suka haɗu a sama, kafaɗar maigidana ta sami bakin Yaya, Yaya ya faɗi warwas. Maigidana ya dire da ƙwallon a ƙirjinsa, ko ƙasa bai duba ba, ya cilla ta can gaba aka ci. Sai da usur ya tashi, sai da ya fita wajen layi, sannan ya durƙusa yana jiran Yaya ya ƙaraso.

Kocin ya zo ya tsaya a kansa, ya jefa masa riga a kafaɗa. "Gobe ƙarfe bakwai. Amma ka riƙa zuwa da wuri, ka gama gaishe-gaishenka kafin in iso."

'Yan Challawa suka tashi benci ya kusa kifewa. Baffa bai tafa ba, bai miƙe ba. Yana zaune da hannu a kan sandar da yake dogarawa tun faɗuwar nan, idonsa ya kawo ruwa yana ta ƙifce shi. Yaya ya hauro wurinmu da leɓe a fashe, jini a haɓa, ya tsaya gabansa.

"Baffa, wannan kuka ba ƙanwata?"

"Shi," in ji Baffa. "Je ka nemi ƙanƙara."

Damina ta faɗi, maigidana bai koma gona ba. Aka ɗaura aurenmu bayan girbi, leɓen Yaya da ɗan tabo har yau.

Ya Ubangiji, bawanka ya zo maka. Ya riƙe marayu, ya koya wa 'ya'yan mutane kada su yanke ƙauna da abin da ya kuskure. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya zuciyar Inna, ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo.